Babi na 7: Duwatsun da Suka Girma a Cikin Laka

A gaɓar tekun Otago da ke kudancin Niyu Zilan, tsakanin garin Moeraki da na Hampden, akwai wani bakin ruwa mai suna Koekohe. Idan ruwa ya janye sai wasu duwatsu su bayyana a kan yashi, mulmulallu sumul, wasu su kaɗai, wasu a tattare. Ƙananan suna tsakanin rabin mita da mita guda a faɗi, manyan kuwa sun ɗara mita 2, nauyinsu tan-tan. Da yawansu bayansu a tsattsage yake, layuka sun rarraba shi gida-gida. Waɗanda suka fashe kuma, in ka leƙa cikinsu za ka ga jijiyoyin wani ma'adini, rawaya da ruwan ƙasa, suna ƙyalli a rana.

Mutanen Mawori, waɗanda suka riga Turawa zama a wannan ƙasa, suna da labarin da suka gada daga kakanni a kan duwatsun. Wani babban kwalekwale ne mai suna Araiteuru ya kife kusa da gaɓar, kayan cikinsa suka watse, ƙorai da kwandunan kamun kifi da dankali, ruwa ya kawo su tudu suka zama dutse. Baƙon da ya zo yawon buɗe ido shi ma yana da nasa bayanin, kuma kusan kullum iri ɗaya ne: igiyar ruwa ce ta yi ta mirgina su har suka mulmule. Bayanin yana shiga kunne, domin kowa ya san tsakuwar kogi. Sai dai wanda ya juya wa teku baya, ya dubi gangaren da ke bayan yashin, zai ga abin da zai rushe wannan zato. Gangaren daskararriyar laka ce mai ruwan toka, kuma a jikinta akwai wasu duwatsun a maƙale, rabi a waje rabi a ciki, sun riga sun mulmule tun ruwa bai taɓa su ba. Aikin teku a nan bai wuce na haƙa ba. Yana cinye lakar mai taushi, dutsen ya zame ya faɗo kan yashi.

Akwai abubuwa uku da ido ke haɗawa, ya kamata mu raba su. Tsakuwar kogi gogayya ce ta mulmule ta, ta taso da kaifi da kusurwa, tafiya ta cinye su. Manyan duwatsun da ke jibge a kan juna a Dutse, ko a tudun Jos, ko a Kwatarkwashi, su kuma ruwa ne ya bi tsagogin dutsen shekara da shekaru, ya ruɓar da kusurwoyin ya bar tsakiya. Dukansu biyu ragi aka yi musu. Na ukun, wanda shi ne batun wannan babi, ƙari ya samu. Ya fara ƙarami a cikin laka ko yashi, bai gusa ko'ina ba, ya yi ta tara ma'adini a jikinsa har ya kai inda ya kai. Shi za mu riƙa kira dunƙulen dutse.

Mu koma baya shekara miliyan 60, lokacin da wurin da Koekohe yake a yau ƙasan teku ne. Laka tana sauka a hankali tana kwanciya, shimfiɗa bisa shimfiɗa. Sabuwar lakar ƙasan teku ruwa-ruwa ce ƙwarai, kashi 70 zuwa 80 cikin 100 nata ruwa ne, ƙwayoyin ƙasar suna ɗan jingina da juna ne kawai. Ruwan da ke tsakaninsu kuwa yana ɗauke da narkakkun ma'adinai. Kowace lita ta ruwan teku tana da kimanin miligiram 400 na kalsiyam, sinadarin nan da ke cikin ƙashi da ƙwanson katantanwa da farar ƙasa.

Sai wata halitta ta mutu, kifi ko ƙaguwa ko katantanwar ruwa, ta nutse, laka ta rufe ta. Iskar oksijin ba ta shiga laka da nisa, 'yar wadda ke akwai ƙwayoyin bakteriya suna shanye ta tun a santimitocin sama. Daga nan zuwa ƙasa wasu bakteriyan ne ke karɓar aiki, waɗanda ba su bukatar oksijin, suna rayuwa da salfet, wani gishiri da ke cikin ruwan teku. Duk wanda ya taɓa tona baƙar lakar ƙasan kududdufi ya ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ya taso, aikin danginsu ya shaƙa. Suna cin naman gawar, suna mayar da kabon ɗin da ke cikinsa ya zama bayikabonet, ya narke a ruwan da ke kewaye. Ruwa ba ya tsami banza, haka nan dutse ba ya tsirowa a tsakiyar laka banza. Bayikabonet yana yaɗuwa daga gawa zuwa waje, kalsiyam yana shigowa daga waje zuwa ciki, inda suka haɗu suka yi wa ruwan yawa har ya kasa riƙe su a narke, sai su kwanta su zama kalsayit, ma'adinin da ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi. Wannan kalsayit ba ya ture lakar gefe. Shiga yake yi cikin 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyinta, ya cike su, ya ɗaure ƙwayoyin wuri guda. Shi ya sa in aka narkar da dunƙule da ruwan asid, abin da ke rage a ƙasan kwalba laka ce iri ɗaya da wadda ke kewaye da shi.

To me ya sa yake mulmulewa? Ɗiga man ja a kan farin ƙyalle ka tsaya ka gani. Ɗigon zai yi ta faɗaɗa yana zama da'ira, ba don wani ya zana masa iyaka ba, sai don zaren ƙyallen iri ɗaya ne ta kowane ɓangare, man ba shi da dalilin fifita gabas a kan yamma. Haka narkakken sinadari yake yaɗuwa a cikin laka mai laushi ɗaya, sai dai shi har da sama da ƙasa, don haka maimakon da'ira sai a sami ƙwallo. Da zarar wani ɓangare ya fi wani sauƙin bi, siffar za ta sauya. Inda lakar ta fara matsuwa ta yi hawa-hawa, tafiya a kwance ta fi tafiya a tsaye sauƙi, sai dunƙulen ya fito a baje, faɗinsa ya fi tsayinsa. Inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke gudana ta cikin yashi, dunƙulen yakan miƙe ya yi tsawo ta inda ruwan ya dosa, har masana kan auna irin waɗannan su gane ta ina ruwa yake bi miliyoyin shekaru da suka wuce. Biyu kuma in suka tsiro kusa da juna, suna girma har su haɗe su zama tagwaye.

Ma'adinin da zai kwanta ya danganta da irin ruwan wurin. A teku, inda salfet ke da yawa, iskar nan mai wari tana kama ƙarfen da ke cikin laka ta mayar da shi fayirayit, ma'adini mai ƙyallin zinare da ya sha yaudarar masu neman arziki. A gaɓar Whitby ta Ingila ana samun dunƙulen da bayansu fayirayit ne, in an goge su sai su yi sheƙi, cikinsu kuma sau da yawa akwai amonayit, wata halittar teku mai naɗaɗɗen ƙwanso da ta ƙare tuntuni. A bakin koguna da fadamu, inda ruwan daɗi ya rinjayi na gishiri, salfet ba shi da yawa, sai ƙarfen ya sami damar haɗuwa da kabonet, a sami sidarayit mai ruwan tsatsa. A cikin farin dutsen alli na kudancin Ingila kuwa silika ce ta taru ta zama ƙanƙara, dutsen da mutanen da suka sassaƙa wuƙaƙe da gatura da shi.

Mai karatu yana da haƙƙin tambaya: wa ya ga wannan? Ba wanda ya gani, amma dutsen da kansa yana ba da shaida. Dubi shimfiɗun lakar da ke kewaye da dunƙule a jikin gangare. A nesa da shi a miƙe suke, sirara, a matse. Suna isowa gare shi sai su lanƙwasa, wasu su bi ta samansa, wasu ta ƙasansa. In aka yanka dunƙulen kuma, za a ga shimfiɗun nan sun ratsa ta cikinsa, amma da tazara mai faɗi tsakaninsu. Ma'anar wannan a fili take. Lokacin da nauyin sabuwar laka ya taru a sama ya matse ruwan ya fita, komai ya lotsa in ban da dunƙulen, domin shi ya riga ya yi tauri. Ƙwanson da ke waje a cikin lakar za ka same shi a murƙushe, ya baje, ɗan'uwansa da ke cikin dunƙule kuwa yana nan da cikarsa. Akwai kuma lissafi. Tunda kalsayit gurbin ruwa yake cikewa, yawansa yana nuna yawan ruwan da ke cikin lakar a ranar da ya kwanta. Ana samun dunƙulen da tsakiyarsu kashi 70 ko 80 cikin 100 kalsayit ne, adadin da ba zai yiwu ba sai a laka sabuwa fil, kusa da saman ƙasan teku.

Shaidar da ta fi ƙarfi tana cikin kabon ɗin kansa. Kabon yana da mara nauyi, mai lamba 12, da mai ɗan nauyi, mai lamba 13, kuma jikin masu rai ya fi ɗaukar mara nauyin. A 1977 masana uku a Ingila, Irwin da Curtis da Coleman, suka wallafa awon da suka yi wa kabonet na lakar Kimmeridge, suka nuna cewa ana iya gane a wane zurfi, kuma ta hannun waɗanne bakteriya, kowane kabonet ya samu. Tun daga lokacin an auna dunƙule masu yawan gaske a ƙasashe daban-daban, kuma a mafi yawansu kabon ɗin mara nauyi ya rinjaya. Dutsen da ka ɗauka a hannunka, wani ɓangarensa ya taɓa zama tsoka da kitse.

Maganar da ta fi jawo ja-in-ja ita ce ta lokaci. An daɗe ana ɗauka cewa abu ne na dubban ɗaruruwan shekaru ko miliyoyi. Wani bincike da aka wallafa a 1985 ya ƙiyasta cewa manyan duwatsun Moeraki, wato na Koekohe, sun ɗauki shekara miliyan 4 zuwa 5 da rabi suna girma, kuma har yau wannan adadi ne ake gaya wa baƙi. Amma akwai abin da bai zauna ba a cikin wannan tunani. In har dunƙule yana bukatar shekaru dubbai kafin ya yi tauri, yaya ake samun ido da hanji da tsoka a cikinsa, alhali nama ba ya jira? Wannan tambaya ce ta sa Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya da abokan aikinsa suka koma kan wasu ƙananan dunƙule daga yankin Toyama na Japan. Kowane ɗaya yana manne ne a bakin wani dogon siririn ƙwanso, daidai inda naman halittar yake, ba a jelar ƙwanson ba. Suka auna yadda kalsiyam ke raguwa a bakin iyakar dunƙulen, suka haɗa da saurin da sinadarai ke yaɗuwa a irin wannan laka, suka fitar da lissafi. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya ce makonni ne zuwa watanni. A 2018 suka faɗaɗa binciken zuwa wasu wurare, suka ce irin waɗannan dunƙule suna samuwa da saurin da ya ninka tsohon ƙiyasi sau 1,000 zuwa 10,000. Girman yana tsayawa ne ranar da abinci ya ƙare, wato ranar da bakteriya suka cinye naman, don haka girman dunƙule yana bin girman abin da ya mutu. Kudu kaɗan da Koekohe, a wajen Shag Point, an ciro ƙwarangwal na wata babbar dabbar teku mai dogon wuya daga cikin wani katafaren dunƙule, aka raɗa mata suna Kaiwhekea.

A ganina hujjar Yoshida ta fi ƙarfi a kan farkon al'amarin, domin naman da aka samu a cikin duwatsu ba ya karɓar wani bayani. Amma ba kowane dunƙule ne ke da gawa a tsakiya ba. Wasu sun tsiro ne daga ɓarɓashin matattun halittu da ke warwatse a cikin lakar, wasu kuma, musamman na cikin yashi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya gina su sannu a hankali bayan an daɗe da binne yashin. Ko wanda ya yi tauri da wuri ma, sauran kafofinsa da tsagoginsa suna iya ɗaukar zamani mai tsawo kafin su cika. Saurin farko da jinkirin ƙarshe duka suna iya haɗuwa a dutse guda.

Wannan sauri shi ne ya mayar da dunƙulen dutse taska. A jihar Illinois ta Amurka, a yankin Mazon Creek, kamfanonin haƙar kwal sun yi shekaru suna kwashe lakar da ke saman kwal ɗin suna jibgewa tsibi-tsibi. Ruwan sama yana wanke tsibin, sai dunƙulen sidarayit su fito, mafi yawansu ba su fi cikin tafin hannu ba. Shekarunsu kimanin miliyan 309, daga lokacin da wurin bakin kogi ne mai dausayi da zafi. Masu tsintarsu sun gano cewa guduma tana ɓata abin da ke ciki, don haka suka koma wata dabara: a jiƙa dunƙulen a bokiti, a sa shi a firiza ya daskare, a fito da shi ya narke, a sake, wani lokaci sau da yawa, har ya buɗe da kansa. Yana rabuwa ne daidai ta inda halittar take kwance, domin nan ne raunin dutsen. Sai ka ga ganye da jijiyoyinsa, ko ƙwaro da fikafikansa, ko tsutsar ruwa wadda ba ta da ƙashi ko ɗaya.

A shekarun 1950 wani mai aikin haɗa bututu, Francis Tully, wanda tsintar duwatsun nan sha'awarsa ce ta ranar hutu, ya buɗe wani ya ga halittar da bai taɓa gani a littafi ba. Jiki ne mai laushi, da dogon hanci mai haƙora a ƙarshensa, idanu biyu kuma a kan wata sanda da ta gitta bayansa. Ya kai ta gidan adana kayan tarihi na Field da ke Chicago, masanan wurin su ma suka rasa inda za su sa ta. An yi mata suna a 1966 da sunansa, a 1989 jihar Illinois ta ɗauke ta a matsayin alamarta a cikin burbushin halittu, kuma har yanzu masana suna muhawara ko tana cikin masu ƙashin baya ko ba ta ciki. Ba a taɓa samunta a wani wuri a duniya ba. Da ba don sidarayit ya rufe ta kafin ta ruɓe ba, kuma da ba don wani lebura ya ɗauki abin da ya tsinta da muhimmanci ba, da ba mu san ta taɓa rayuwa ba.

A yankin Kimberley na yammacin Ostareliya abin ya ma fi haka. Dunƙulen Gogo na kalsayit ne, shekarunsu miliyan 380, ana jiƙa su a ruwan asid mara ƙarfi ya cinye dutsen ya bar ƙashin kifi a tsaye kamar jiya ya mutu. A 2008 John Long da abokan aikinsa suka ba da labarin wata kifanya da aka samu da ɗa a cikinta, har da igiyar cibiya. A 2022 kuma Kate Trinajstic ta Jami'ar Curtin ta jagoranci aikin da ya gano zuciya da hanta da tumbi a cikin wasu kifayen na Gogo. Wannan karon ba a fasa dutsen ba, ba a narkar da shi ba, haske mai ƙarfi aka ratsa ta cikinsa aka ɗauki hoton abin da ke ciki.

Tsagogin nan da ke bayan duwatsun Moeraki suna da nasu sirrin. In aka yanka irin wannan dunƙule za a ga tsagar ta fi faɗi a tsakiya, tana tsukewa in ta doshi waje, alamar daga ciki fashewar ta fara. Wasu masana suna ganin cikin ne ya bushe ya tsuke bayan bayan ya yi tauri, wasu suna danganta abin da matsin iskar da ruɓa ta haifar ko nauyin ƙasar da ke sama, wasu kuma da girgizar ƙasa. Daga baya ruwa mai ma'adini ya bi tsagogin ya cike su, kalsayit mai ruwan ƙasa da fari, mai rawaya daga baya. Irin waɗannan tsagaggun dunƙule sun taɓa zama kuɗi a Ingila. A 1796 James Parker ya yi rajistar wata dabara: a tsinto su daga gaɓar tsibirin Sheppey, a ƙona, a niƙa, a kwaɓa da ruwa. Da yake laka da kalsayit sun riga sun gauraya a cikinsu, sai garin ya ba da siminti mai kamawa nan da nan, ko a cikin ruwa. Da shi aka yi aikin ramin da ya ratsa ƙarƙashin kogin Thames a Landan.

Akwai dangin dunƙule da ƙarfe ya gina. A kudancin jihar Utah ta Amurka akwai wani dutsen yashi mai kauri da ake kira Navajo, wanda asalinsa tuddan rairayin hamada ne kimanin shekara miliyan 190 da suka wuce. Ja ne, domin kowace ƙwayar yashi tana da ɗan tsatsa a bayanta. Daga baya ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ratsa shi ya wanke tsatsar daga wasu sassa, suka koma fari fat, ƙarfen da ya narke kuma ya sake kwanciya a wasu wurare a dunƙule. Sakamakon shi ne 'yan ƙwallaye baƙaƙe, bayansu ƙarfe, cikinsu yashi, suna zube dubbai a kan duwatsu inda iska da ruwa suka tone su. Ba a damu da su sosai ba sai a watan Janairun 2004, lokacin da motar bincike ta hukumar NASA mai suna Opportunity ta sauka a filin Meridiani na duniyar Mars. Hotunan da ta aiko sun nuna 'yan ƙwallaye masu faɗin milimita kaɗan, wasu a zube a ƙasa, wasu a maƙale cikin dutse mai hawa-hawa. Na'urorinta suka nuna hematayit ne, wato ma'adinin ƙarfe. Abin lura shi ne a warwatse suke ko'ina cikin dutsen, ba a jere a shimfiɗa guda ba, alhali da daga sama suka zubo, daga aman wuta ko faɗuwar wani dutse, da a jere za a same su. A shekarar nan Marjorie Chan ta Jami'ar Utah da abokan aikinta suka kwatanta su da na Utah. Mafi yawan masana sun karɓi bayanin cewa a cikin dutsen suka girma, wanda ke nufin ruwa ya taɓa jiƙa ƙasar Mars.

Abu mai siffa irin wannan ba ya rasa masu ƙirƙira masa labari. A 2016 Semir Osmanagić ya sanar da cewa wani katon mulmulallen dutse da ke dajin Zavidovići a Bosniya aikin wata tsohuwar al'umma ce da ta ɓace, masana duwatsu kuwa suka ce dunƙule ne. A Afirka ta Kudu, a mahaƙar da ke kusa da Ottosdal, ana samun 'yan ƙwallaye masu layi-layi a kugu a cikin dutse mai shekara biliyan 3, kuma an daɗe ana yaɗa cewa baƙi daga sararin samaniya ne suka ƙera su. Layukan nan sawun shimfiɗun da ƙwallon ya girma a cikinsu ne. Ba na ganin laifin mai mamaki, laifin na wanda ya ƙi duba shaida ne, domin hanyar bambancewa tana nan. A Kosta Rika akwai mulmulallun duwatsu sama da 300 da ma'aikatan gonakin ayaba suka fara cin karo da su a shekarun 1930, kuma waɗannan hannun mutum ne ya sassaƙa su. An gane haka ne domin dutsen da aka yi mafi yawansu da shi na wuta ne, wanda dunƙule ba ya girma a cikinsa, kuma an same su a tsofaffin matsugunan mutane tare da tukwane da sauran kayansu. UNESCO ta sa wuraren cikin kayan tarihin duniya a 2014.

Mu ma a ƙasar Hausa muna da rabonmu. A zamanin da lakar Koekohe ke kwanciya, wani teku mara zurfi ya ratso Sahara ya rufe inda Sakkwato da Tawa suke a yau. Shi ya bar dutsen Kalambaina, wanda masana'antar simintin Sakkwato ke ci tun 1967. Kafin wannan ma teku ya taɓa shigowa, ya bar ƙasusuwan wata dabbar ruwa da aka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, da sunan Goronyo. A ƙarƙashin dutsen Kalambaina akwai shimfiɗar laka da masana ke kira da sunan garin Dange, kuma a cikinta akwai dunƙulen fosfat. Ƙa'idar ita ce dai wadda muka gani, ma'adinin ne ya bambanta. Fosfaras ɗin da ke cikin ƙashi da haƙori da kashin kifi da sauran matattun halittu ya narke a ruwan lakar, ya sake taruwa a wasu wurare ya yi tauri. A jihar Tawa ta Nijar an daɗe ana tsintar irin waɗannan dunƙule ana niƙawa don takin gona, kuma masu binciken noma a Najeriya sun yi gwaje-gwaje da na Sakkwato. Ƙasar nomanmu tana fama da ƙarancin fosfaras, ga shi kuma tsohon teku ya tara mana shi a dunƙule. Hatta jar tsakuwar marmara da ake zuba wa hanya 'yar uwarsu ce ta nesa: in ka fasa ɗaya za ka iya ganin zobe cikin zobe, ƙarfe ne da damina ta narkar, rani ya kwantar, shekara bayan shekara, a cikin ƙasa maimakon ƙasan teku.

Waɗanda suka fi kowa cin karo da waɗannan duwatsu a wurinmu ba malaman jami'a ba ne. Masu haƙar rijiya ne, da masu fasa dutse, da manoma, da yaran da ke kiwo a bakin kwazazzabo bayan ruwan sama. In kana cikinsu, ko kana da ɗalibai a cikinsu, ka tsinci mulmulallen dutse a maƙale cikin laka ko dutsen yashi, kada ka yi gaggawar sa masa guduma. Ka ɗauki hotonsa a inda yake kafin ka cire shi, ka aje wani abu kusa da shi da zai nuna girmansa, ka rubuta sunan wurin da zurfin da aka same shi, domin dunƙulen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin amfaninsa ga mai bincike. Sannan ka kai shi sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ta fi kusa da kai, ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko ofishin Hukumar Binciken Ma'adinai ta Najeriya.